Laba Tara a Kan Sikeli

"Kun wuce da laba tara," in ji mai sikeli. "Sai haƙuri, Baba."

Haka dokar gasar jan nauyi take a bikin manomanmu na Iowa, a Amurka: da direba ake auna tarakta. Dala dubu ashirin da biyu maigidana ya narkar a injin taraktar kakansa, wadda ta girme mu duka. Shanu shida muka sayar. Shekara biyu ina kai ƙararta wurin Ubangiji kowace Lahadi.

Maigidana ya kwance akwatin kayan gyara daga jikin taraktar. Ya cire takalma, ya cire bel, ya riƙe wando da hannu. Saura laba huɗu.

"Cire tumbin mana!" wani ɗan kallo ya yi ihu.

Sai ya juyo yana min kallon da ake wa maraƙi a kasuwa.

"Maman yara, nawa ne nauyinki?"

"Tsakanina da Mahaliccina ne. Ba ni hular kwanon direba."

Ai ba zan bari shanu shida su tafi a banza ba. Na hau, na yi addu'a, na buɗe mata wuta. Gabanta ya ɗaga sama, ƙarar ta shiga har haƙorana. Ƙafa ɗari uku cif na ja nauyin nan, har ƙarshen filin gasar, ina ihun da ban taɓa yi a coci ba.

Yanzu wai zai rage ƙiba, ya karɓi kujerarsa baɗi. Ni kuwa kullum sai na gasa masa kek ɗin tuffa biyu, na malala man shanu a dankalinsa.

Allah ya yafe mini.