Ƙwayar Malam Sallau

Yanzu kowane mai ciwon daji ana ƙera masa maganinsa shi kaɗai. Da Tabawa ta je karɓo na mijinta Sallau, likita ta ce, "Kamar tubalin bogi ne, Inna. Ciwon zai ɗauka ya yi gini, ginin ya rushe. A jikin wani kuwa, ba mu san abin da zai rusa ba."

Da maƙwabciyarta Hansatu ta kwanta rashin lafiya, Tabawa ce ta ƙulle mata kaɗan daga maganin Sallau a leda, yadda aka saba. Jiya aka binne ta.

A gida ta tarar Sallau yana cin tuwo.

"Wai me ya kashe Hansatu?"

"Kwana ne ya ƙare, Malam," ta ce, tana ƙara masa miya har ta zube.