Wanda Ya Waiwaya

"Dattijo, ka ga abin da na gani?" in ji kocin.

Tsohon ya gani sarai. Ɗan wasan da suke kallo ya bi ƙwallo zuwa kusurwar filin ƙanƙara, saura ƙiris ya isa katanga sai ya waiwaya.

Rabin rayuwarsa tsohon ya yi yana zagaya garuruwan lardin Manitoba yana zaɓo wa ƙungiyar 'yan wasan hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kada ka kalli gudun yaro, kalli wuyansa. Duk wanda ya leƙa baya kafin a maka shi da katanga, tsoro ya shige shi, tasa ta ƙare. Da wannan ya sallami 'ya'yan mutane ba adadi, kowa da kayansa a baƙar ledar shara.

"Ban ga komai ba. Idon ya tsufa."

"Haba dattijo! Kai fa ka koya min."

"Bara aka fasa masa kai a kusurwar nan. Ɗaga masa ƙafa mana."

"Ka taɓa ɗaga wa ɗan wani?"

Tsohon ya juya ya fita.

A wajen ajiye motoci ya hango ɗansa, ɗan wasan da ya waiwaya, tsaye, dusar ƙanƙara na zuba kan baƙar leda. Ba wanda ya sallame shi, shi ya sallami kansa. Tun daga yaye yake jin ƙa'idar a gida.

Tsohon ya matso ta baya, ya miƙa hannu zai dafa shi. Yaron ya zabura ya waiwayo, ya kare kansa da hannu biyu.