Kafaɗar Dama

Ranar da ta fita takaba ta sa almakashi a rigunan mijinta. Magada sun raba masu kyau, suka bar mata huɗu na kamun kifi a kogin Katagum, kowacce ta cinye a kafaɗar dama.

A Azare, gidan ɗanta inda ta koma, akwai maƙwabciya 'yar Tafawa Ɓalewa, matar malamin makaranta, wadda ta iya haɗa ƙyallaye su zama bargo. Ita ta ce mata, "Yaya, zagaye inda ya cinye ki yanke ki yar. Mai ƙwari muke so."

Ta yanke, sai kowane ƙyalle ya fito da baki a lanƙwashe. Sati uku tana ɗinkewa tana farkewa. In ta ja ya tattare, in ta saki ya goce.

"Daga tsakiya ake kamawa," in ji maƙwabciyar. "Kada ki ja shi, bin sa za ki yi."

Ranar da hannunta ya faɗa, ta ɗauki tarkace za ta zubar, sai ga yankakkun nan huɗu. Ta ɗaga ɗaya, rana ta ratso ta cikinsa. Nan igiyar tarun kifi ta zauna a kafaɗar mijinta shekara ashirin da shida.

Ta farke bargon, ta mayar da kowanne cikin lanƙwasar da ya fito.

Maƙwabciyar ta shafa wurin. "Wannan ai ba zai yi wanki biyu ba."

Ita kuwa mai bargon ta zura zare a allura. "Ba wankewa zan yi ba."