Firjin Kaka da 'Ya'yan Shamuwa

"Mama, ba za mu sare reshen nan mu ja waya ba sai 'ya'yan shamuwa sun tashi," in ji injiniyan kamfanin wuta.

Tsohuwar ta tuna firjin da ɗanta soja ya aiko mata har Zuru, yana nan cikin kwali. "Au, tsuntsu ya fi ni gata ke nan?"

Washegari ta shiga kamo fara tana watsawa a gindin tsamiyar, uwar na kwasa tana kai musu. "Ku ci ku girma, ku ba ni wuri!"

Ranar da aka kawo wuta, jikoki suka kwasa da ihu: "Kaka, firji ya kama!"

Ba ta shigo ba. Tana gindin tsamiya da kwanon fara a hannu, tana ta duban sama.