Ɗaki Marar Dokin Ƙofa

Ranar da magini ya fasa bangon falo, Baba yana saman bene, yana leƙe ta taga ana kwasar ɓaraguzai. An ce masa ƙarin ɗaki za a yi a ƙasa. Ya tambaya na wa, ɗansa Dogo ya ce na baƙi. Baba ya ce to, bai ƙara ba. Amma ya san baƙin gidan nan, ruwa suke sha su kama gabansu.

Gida ya hargitse. Kicin ya koma baranda, an lulluɓe kujeru da leda, ƙurar siminti har cikin kofin shayi. Tipa ta juye yashi a bakin get, ta tare motar Dogo a ciki, shi kuwa ko a jikinsa. Matarsa ce ta koma kai shi wurin aiki a tata. Baba ya ce lalacin yaran zamani ke nan, a kwashe yashi ma ya gagara.

Baba tsohon tela ne, gajere, mai ido kamar tef. Ko da ya ajiye almakashi, ba ya ganin abu bai auna shi a zuci ba. Shi ya sa da aka kafa ƙofar sabon ɗakin ya tsaya. Ta fi kowace ƙofa a gidan faɗi, kuma ba ta da dokin ƙofa, daɓen ya wuce sumul daga falo har cikin banɗaki. A waje, inda ya kamata a yi matakala, magini yana zuba gangare.

Baba ya tsaya yana duban gangaren. Wane baƙo ne ake yi wa gangare?

Ɗakinsa na sama shi ne abin da ya rage masa. A nan marigayiyar matarsa ta yi jinya, a nan kekensa na ɗinki yake, kuma daga tagarsa yake ganin duk wanda ya shigo layin. Wato sun gama shawara a bayan idonsa: tsoho ya tsufa, a sauko da shi, a ajiye shi kusa da banɗaki kamar tsohon bokiti.

Daga nan ya sa ido, kuma duk abin da ya nema ya gani. In ya shigo falo sai Dogo da matarsa su yanke magana. Su fita da sassafe wai duba tayil, su dawo da azahar hannu rabbana, ba tayil ba dalilinsa. Idon surukar kullum ja, in ya tambaya ta ce siminti ne. Dogo ya kwaso barcinsa ya dawo falo, wai gadin kayan aiki yake yi. Har gaisuwar safe ya daina hawa, sai dai ya tsaya a gindin bene ya ɗaga murya. Baba ya ce a ransa, mai gaskiya ba ya gudun ido.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar mai wayarin. Ta taga ya hango Dogo ya ja kujerar roba zuwa cikin sabon ɗakin, ya zauna, ya miƙa hannu bango, mai wayarin yana sa alama da alli a inda makunnin fitila zai zauna. Ɗan da ya haifa, wanda ya yi ta ƙara wa wandonsa tsayi duk shekara, yau shi ke gwada yadda ubansa zai zama in ƙafa ta mutu.

Sai Baba ya shiga nuna ƙarfi. Ya hana a kai masa ruwan wanka, ya riƙa cika bokiti ya hau da shi da kansa, yana buga ƙafa don kowa ya ji. Wata safiya Dogo ya yi tuntuɓe da bulo a tsakar gida, kofi ya suɓuce masa ya fashe. Baba ya samu abin da yake so.

"Kai da kake yaro ke nan," ya ce. "Taso mu hau benen nan. In ka riga ni, yau na tattara na sauko."

Dogo ya yi dariya, ya ce, "Na sallama, Baba." Bai taso ba. Matarsa ta tsince fasassun kofin ta shige kicin da sauri, kuma Baba ya lura ba ta ko dube shi ba.

Ranar da mai walda ya zo, Baba ya yanke shawarar a yi ta ta ƙare. Ya bari sun fita duba tayil ɗinsu, ya sauko, ya tsallake buhunan siminti ya shiga. Ya tarar an kafa ƙarfen dafawa a jikin bango, daga inda gado zai zauna har banɗaki. Ya kama shi. Ƙarfen ya zo masa har ƙirji.

Dariyar takaici ta kama shi. Munafuncin ma ba su iya ba, za su yi wa mutum kurkuku ba su auna shi ba.

"Malam, wa ya ba ka awon nan?" ya ce. "Ni tela ne. Ka zarce da fiye da taƙi guda. Wa zai dafa wannan?"

Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya dubi ƙarfen, ya dubi Baba. A ganinsa kowa a gidan ya san zancen.

"Ai ba kuskure, Baba. Maigidan, ɗanka, da kansa ya tsaya a nan ya kama. Ya ce in sa daidai hannunsa, kuma in yi sauri, tun ƙafafun nasa suna iya ɗaukarsa."