Kabewar da Yarina Ta Ba Ostap

Wai Yarina, 'yar kawuna, ta rotsa wa manomi Ostap kai da kabewa. Ƙarya ne, kansa na nan lafiya lau, ƙato kamar kullum! Aurenta ya zo nema, ya tarar tana matsar man 'ya'yan kabewa, sana'ar da take ciyar da marayunta da ita.

Ya kasa kallon tsattsagaggen hannunta. "Ki bar wahalar nan, Yarina. Yaran kuma kakarsu ta riƙe."

Ta daɗe tana dubansa, idonta ya cicciko. Sai ta miƙa masa kabewa, wadda a ƙauyukanmu na Poltava, a ƙasar Ukraine, take nufin an ƙi mai neman aure.

Na ce, "Yaya, mai tarakta guda kika kora fa!"

Ta ce, "Da taraktar ce ta zo da na aure ta, ita ba ta ƙyamar marayu."