Wanda Ya Amsa Daga Cikin Injin

Dogo ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa jikin injin fasa dutse sau uku. Dokar wurin ke nan: ba a kunnawa sai an buga, ko da mai gyara a ciki. Sau ɗaya tak ya taɓa mantawa, bara, ranar da yayansa yake ciki, injin ya yi ajalinsa.

Sai aka amsa. Biyu a jere, ɗaya a hankali. Haka Yaya yake buga masa ƙofa in sun makara.

Dogo ya ce wa shugaban aiki, "Oga, akwai mutum a ciki."

"Wane mutum? Ga mu nan duka! Kunna, rana tana yi."

Dogo ya bar gaban makunnin, ya hau tsani. A ransa ya ce yau Yaya ya zo ramuwa. Ya leƙa. Ba kowa, sai haƙoran ƙarfe.

Wata ƙara ta tashi a bayansa. Sarƙar da ke ɗauke da lodin duwatsu ta tsinke, suka rufto daidai inda yake tsaye ɗazu.

Ya kifa goshinsa a kan ƙarfen.

"Yaya," ya ce, "ni da ban buga maka ba?"